Maki 30 na Kunne: Abin da Jarrabawar Turanci ta Ƙasar Sin Ke Aunawa, da Abin da Take Tsallakewa

Kusan kowace shekara, ranar 8 ga watan Yuni, tun kafin ƙarfe uku na rana, 'yan sanda kan tsare titunan da ke kewaye da cibiyoyin jarrabawa a biranen ƙasar Sin. Ana hana direbobi danna hon, ana dakatar da aikin gine-gine, kuma ɗalibin da ƙarfe uku saura kwata ya yi masa a waje, ba shi ba shiga aji. Duk wannan tsanani saboda mintoci kusan 20 ne, lokacin da lasifika za ta yi magana da Turanci, yara su kasa kunne su zaɓi amsa. Wannan shi ne sashen sauraro na Gaokao, jarrabawar shiga jami'a da aka dawo da ita a 1977, wadda ɗalibai miliyan 13.42 suka yi wa rajista a 2024.

A yawancin larduna, jimillar makin Gaokao 750 ne. Sinanci da lissafi da harshen waje kowanne na da 150. An yarda ɗalibi ya ɗauki Japananci ko Rashanci ko Faransanci ko Jamusanci ko Sifaniyanci, amma mafi rinjaye Turanci suke ɗauka. A sabuwar takardar ƙasa, an ware wa sauraro maki 30, fahimtar karatu 50, cike gurbi da nahawu 30, rubutu kuma 40, duka cikin awa biyu.

Tsarin sauraron da aka daɗe ana bi yana da tambayoyi 20. Biyar na farko gajerun hirarraki ne tsakanin mace da namiji, kuma shekaru da yawa sau ɗaya tak ake kunna su. Bayan kowace hira, ɗalibi na da daƙiƙa 10 ya amsa ya kuma leƙa tambaya ta gaba. Sauran 15 sun dogara ne kan hirarraki ko jawabai masu ɗan tsawo, su kuma sau biyu ake kunnawa. Kafin a fara akwai misali guda da aka yi ta maimaitawa shekara da shekaru har ya zama abin da duk wanda ya taɓa zama ajin ya haddace: nawa ne kuɗin rigar? Fam 19.15, ko fam 9.18, ko fam 9.15? Amsar ita ce ta uku. Misalin ƙarami ne, amma ya nuna ainihin aikin. Bambancin "tara" da "goma sha tara" a Turanci ɗan ja ne a ƙarshen kalma, kuma ido ba ya taimaka wa kowa a wurin. Wanda bai saba jin harshen ba zai faɗi wannan gwaji ko da ya haddace ƙamus.

Ra'ayina shi ne waɗannan maki 30 sun fi duk wani sashe na takardar cancantar a kare su, kuma inda Sin ta yi kuskure shi ne wuraren da ta bar su a matsayin ado.

An shafe shekaru a wasu larduna, ciki har da Henan mai ɗalibai fiye da miliyan ɗaya a kowace jarrabawa, ana kunna sauraro, yara su amsa, amma ba a saka makin cikin jimilla. Sai a ɗauki maki 120 na takarda a ninka da 1.25 su koma 150. Ka sa kanka a matsayin malamin ajin ƙarshe a irin wannan lardi. Ɗalibanka suna tashi tun duhun asuba, ba sa barin aji sai dare ya yi nisa, kuma maki guda na iya sa ɗaruruwa ko dubban yara su sha gaban ɗayansu. Minti 20 ɗin da za ka kashe kana kunna musu hira, ba gara ka ba su wata takardar cike gurbi ba? Kowane malami mai tausayin ɗalibansa haka zai yi, kuma ban ga laifinsa ba. Sakamakon shi ne matashin da ya fara Turanci tun aji uku na firamare, kamar yadda ma'aikatar ilimi ta tsara tun 2001, ya san kalmomi fiye da 3,000, ya iya tsinto kuskuren nahawu a cikin doguwar jimla, amma idan baƙo ya tambaye shi hanyar tashar jirgin ƙasa sai ya daskare. Sinawa da kansu sun daɗe suna kukan wannan "Turancin bebe".

Masu goyon bayan a cire makin sauraro suna da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. Suna cewa adalci. Yaron Shanghai ya tashi yana kallon zane-zanen yara da Turanci, iyayensa sun biya masa malami ɗan ƙasar waje, wataƙila ma ya yi hutu a Ingila. Yaron wani ƙauye a Gansu ko Guizhou kuwa, iyayensa suna can suna aiki a masana'antun bakin teku, kakarsa ce ke riƙonsa, kuma malamin da ke koya masa Turanci shi ma a littafi ya koya. Nahawu ana iya cin sa da naci da haddar dare. Kunne kuwa sai da sabo na shekaru, kuma sabon nan kuɗi ne ke sayensa. Gaokao ita ce kusan tsani ɗaya da ɗan manomi ke takawa ya zauna aji ɗaya da ɗan babban jami'i, don haka duk abin da zai karkata ma'aunin zuwa ga masu hali dole a dube shi da idon basira. Dokar da gwamnati ta kafa a Yulin 2021, wadda ta hana kamfanoni neman riba da darasin bayan makaranta a manyan darussa, ba ta rufe wannan giɓi ba. Mai kuɗi ya koma ɗaukar malami a gida a ɓoye, marar kuɗi ya rasa ko ajin haɗaka mai rahusa da yake iya biya a da.

Na yarda da ciwon, ban yarda da maganin ba. Da farko dai, sashen karatu ma ba ya kuɓuta daga wannan bambanci. Rubuce-rubucen da ake kawowa sau da yawa an ɗebo su ne daga jaridu da mujallun ƙasashen da ke magana da Turanci, kan gidajen tarihi, binciken kimiyya, lambuna a saman bene, rayuwar makarantun Amurka. Yaron birni ya san duniyar da ake magana a kai tun kafin ya karanta layin farko. Ba wanda ya ce a soke karatu saboda haka. Na biyu, kuma wannan ya fi damuna, idan aka cire makin sauraro, ɗan mai kuɗi bai rasa komai ba, zai ci gaba da jin Turanci a gida. Ɗan talaka ne ke rasa wuri ɗaya tilo da za a tilasta wa wani ya kunna masa, wato aji. An sauƙaƙa masa ranar jarrabawa, an ɗora masa nauyin a ranar da zai zauna gaban mai ɗaukar aiki ko ya shiga lacca da Turanci. A zamanin da kusan kowane gida a Sin ke da wayar hannu mai intanet, kai sauti mai kyau cikin ajin ƙauye ya fi arha nesa ba kusa ba a kan gina ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Abin da ya rage shi ne horar da malamai da ba su dalilin yin aikin, kuma maki shi ne dalilin.

Ba ina nufin sashen sauraron ya kai yadda ake so ba. Muryoyin a ɗakin naɗar sauti aka ɗauke su, tsaf, ba hayaniya, ba mai katse wani, lafazin kuma ko na Amurka ko na Ingila. Zaɓi uku ne kawai, ke nan mai canki-canka ma zai iya tsira da kashi ɗaya cikin uku. Malamai sun gano lagonsa sarai: ka karanta zaɓuɓɓukan kafin sauti ya fara, ka yi hattara da lambar farko da aka ambata domin tarko ce, ka jira kalmar "amma" domin amsar na bayanta. To amma Turancin da matashin Basine zai tarar a rayuwa ba wannan ba ne. Wanda ya gaji shagon babansa a kasuwar Yiwu ko Guangzhou, Turancin ɗan Kano da ɗan Indiya da Balarabe zai ji, cikin ƙarar amalanke da ciniki. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa saro kaya sun san yadda abin yake ƙarewa: mai shago ya miƙo kalkuleta, ka danna farashinka, ya girgiza kai ya danna nasa. Da za a riƙa saka ko da hira ɗaya cikin lafazin Afirka ko na kudancin Asiya a kowace shekara, da cikin ɗan lokaci littattafan atisaye sun cika da su, domin a Sin duk abin da ya fito a Gaokao washegari yana kasuwa.

A ɓangaren karatu kuma akwai abin yabo da ba a cika faɗa ba. Bayan rubuce-rubuce huɗu masu tambayoyi 15, akwai wani da ake cire jimloli biyar daga cikinsa, a ba ɗalibi bakwai ya mayar da waɗanda suka dace. Wannan ba a cin sa da farautar kalma. Sai ka gane yadda tunanin marubucin ke tafiya daga sakin layi zuwa na gaba. Wanda ya fi burge ni shi ne wanda lardin Zhejiang ya fara a 2016 kuma ya bazu: a ba ɗalibi farkon labari, a ba shi jimlar farko ta sakin layi biyu, a ce ya ƙarasa. Maki 25 ne. A takarda an lissafa shi cikin rubutu, amma gwajin karatu ne na gaske, domin wanda bai gane halin mutanen labarin da inda aka dosa ba, ba zai iya ci gaba da shi ba ko da ya haddace kyawawan jimloli ɗari. Ya fi wasiƙar da ɗalibai suka daɗe suna rubutawa da sunan Li Hua, ɗalibin ƙirƙira da kullum ke gayyatar abokinsa na waje zuwa wani biki, wadda da yawa ke shiga aji da ƙwarangwal ɗinta a ka.

Wasu wurare sun yi gaba. A Beijing, tun 2021, ana gwajin sauraro da magana tare a kan kwamfuta, maki 50, ɗalibi ya sa na'ura a kunne ya yi magana a makirufo, kuma ana yi sau biyu a shekara a ɗauki wanda ya fi. Guangdong ma na da irin wannan gwaji na kwamfuta, Shanghai kuma na ba da damar zama jarrabawar harshen waje sau biyu. Dama biyu na da muhimmanci musamman ga sauraro, inda tari ɗaya daga maƙwabci ko lasifika mai kwarmato ke iya cinye tambaya. Sai dai tana da nata haɗarin. A Nuwamban 2018 hukumomin Zhejiang suka ga wasu sassan takardar Turanci sun fi na shekarar da ta gabata wuya, sai suka yi wa maki gyaran fuska ba tare da cikakken bayani ba. Iyaye suka yi ca, aka yi bincike, aka dawo da makin asali, shugaban sashen ilimi na lardin ya rasa kujerarsa. Zama biyu na buƙatar takardu biyu masu nauyi ɗaya, kuma wannan aikin ƙwararru ne da ba a yin sa da gaggawa.

Akwai kuma masu cewa a rage wa Turancin daraja gaba ɗaya. A Maris na 2021 wani ɗan majalisar ba da shawara ta ƙasa, Xu Jin, ya nemi a cire shi daga manyan darussa, yana mai cewa kaɗan ne ke amfani da shi bayan makaranta kuma na'urorin fassara sun wadatar. Har yanzu dai makin na nan 150. Ni a ganina hujjarsa ta fi taɓa sashen da na'ura ta fi iyawa, wato juya rubutu. Zama da mutum, ka ji shakka a muryarsa, ka gane cewa "to" ɗinsa ba amincewa ba ce, wannan har yanzu aikin kunnen ɗan Adam ne.

Mu ma a Najeriya maganar ta shafe mu kai tsaye, kuma ba ta wajen alfahari ba. A jarrabawar WAEC, takarda ta uku ta Turanci ga ɗalibanmu ita ce wadda ake kira Test of Orals: tambayoyi 60 kan sautuka da wurin da ake danna murya a kalma, amma duka a rubuce, ba a kunna komai. Yaro na zaɓar kalmar da wasalinta ya yi daidai da na wata, alhali mai yiwuwa bai taɓa jin an furta ko ɗaya daga cikinsu daidai ba. Hukumar nan ɗaya, a Ghana da Gambiya da Saliyo, sauti take kunna wa ɗalibai su saurara. Uzurin da ake iya kawowa a nan sananne ne: yawan cibiyoyi, rashin wuta, ajin da ke da yara fiye da ɗari. Amma lasifika mai caji da ake sayarwa a kowace kasuwa ta isa aji guda, kuma ƙasar da ta iya kai ɗalibai kusan miliyan biyu gaban kwamfuta domin JAMB a kowace shekara ba za ta ce kunna hira ta minti 20 ya fi ƙarfinta ba. Ma'aikatar ilimi ta tarayya da WAEC da NECO za su iya farawa da maki kaɗan a jihohi biyu ko uku, su sanar da makarantu shekara uku kafin a fara ƙirgawa, domin malaman ƙauye su samu lokacin shiri.