Kachalla na cin fadama, gauraka na ɓacewa

A takardar masana, kachalla da gauraka ba su haɗa komai ba. Kachalla, wato Typha domingensis, tsiro ne mai fure, kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin waɗanda babu fargabar ƙarewarsu. Gauraka kuwa, Balearica pavonina, tsuntsu mai dogayen ƙafafu da tukkun zinariya, tana sahun waɗanda ke fuskantar barazanar ƙarewa, har yarjejeniyar CITES, mai tsara cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, ta mayar da ita rukuni na ɗaya a 2019, aka haramta cinikinta tsakanin ƙasashe. A dausayin Hadejia zuwa Nguru, ruwa ɗaya ne ya ƙulla makomarsu, kuma a nan nake ganin muna kuskure.

Wannan rarrabewa ta IUCN duniya gaba ɗaya take aunawa. Ba ta nuna cewa gauraka, tsuntsun da Nijeriya ke tinƙaho da shi, ta kusa ƙarewa a ƙasar nan ba, haka ba ta nuna kachalla ya zama annoba.

Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina zuwa ya tafi kamar da. Ambaliyar damina ta ragu, da rani kuma ana sako ruwa, ƙasa ba ta bushewa. Abin da kachalla ke so ke nan. Saiwarsa na rarrafe cikin laka, ya toshe magudanai, ya hana masunta wucewa da kwalekwale, janbaki su samu mafaka su afka wa shinkafa. Gauraka kuma ciyawar fadama mai ruwa kaɗan take nema da damina, ta yi sheƙa a ƙasa, ta kwanta kan ƙwai kusan wata guda. In wurin ya cushe ko ya ƙafe, babu ƙyanƙyasa. Ga masu kama ƙananan su sayar wa gidajen attajirai don ado.

Cinna wa kachalla wuta aikin banza ne, ganye kawai ake ƙonewa. Ta karansa saiwar ke shaƙar iska, don haka a ƙarƙashin ruwa ake yanke shi, a maimaita duk lokacin da ya toho, har saiwar ta ruɓe. Wannan ma ba zai ɗore ba sai hukumar kogin Hadejia da Jama'are ta tsara sakin ruwa yadda fadama za ta cika da damina, ta bushe da rani.