Kafin a sayo sabon taransifoma, a duba wutar kai-komo

Duk sanda wuta ta yi rauni, ƙwan fitila ya koma ja, fanka tana juyawa da ƙyar, abin da kowa ke cewa shi ne lodi ya yi wa taransifoma yawa a kawo babba. Wani lokacin haka ne kam, amma sau da yawa wani kaso na lodin nan ba wutar aiki ba ce sam, ita ce injiniyoyi ke kira riyaktif fawa, ni dai wutar kai-komo nake ce mata.

Duk abin da ke da koyil, wato naɗaɗɗiyar waya, a ciki, injin famfon ruwa ne ko kwamfiresan firij da na AC ko injin walda ko shi kansa taransifoman, sai ya haɗa maganaɗisu kafin ya yi aiki, to wutar da yake ja don wannan ba cinye ta yake ba, karɓa yake ya mayar, ya sake karɓa ya mayar, sau 100 a daƙiƙa ɗaya a layin 50 Hz, wato mai wutar da ke zagaye 50 a daƙiƙa. Mitar gida ba ta ƙirga ta amma waya tana ɗaukar ta, kuma tana yin zafi saboda ita.

Ga lissafin da ya sa abin ke damuna. Taransifoma mai kVA 500 (ma'aunin duk wutar da zai iya ɗauka), idan fawa fakta ɗinsa, wato kason wutar da ke yin ainihin aiki cikin duk wadda yake ɗauka, 0.7 ne, kW 350 kawai zai ba da na ainihin aiki, in aka gyara ya kai 0.95 sai ya ba da kW 475, ƙarfe ɗaya fa, ba a canza komai a jikinsa ba. Sannan asarar da ake yi a waya tana ninkuwa ne da ƙaruwar karan, wato yawan wutar da ke bi ta cikin wayar, a 0.7 ɗin nan asarar kusan ninki biyu ce ta layin da ba shi da wannan matsala.

Maganin kuma tsoho ne, kafasita, wato na'urar da ke riƙe wuta ta sake ta. A jera su kusa da inda injinan suke, sai kai-komon ya tsaya tsakaninsu maimakon a jawo shi tun daga tashar samar da wuta, don wannan wutar ba ta jure tafiya mai nisa, ƙarfin layi take zubarwa a hanya. Sai dai kada a ɗaura a manta, kafasitar da ba ta kashe kanta idan dare ya yi lodi ya sauka tana iya tura boltej sama ya wuce kima, dole a sa masu kunnawa da kashewa gwargwadon lodi. Su ma inbatocin sola na zamani suna iya ba da ita ko su shanye ta in an saita su.

Masu cewa ƙaramin abu ne su tuna 14 ga Agusta 2003, da wuta ta ɗauke wa kusan mutum miliyan 50 a Amurka da Kanada, ƙarancin wannan wutar yana cikin abubuwan da bincike ya gano.

Ra'ayina shi ne kamfanonin rarraba wuta su fara auna fawa fakta a kowane fida, wato layin da ke kai wuta unguwanni, manyan masana'antu kuma a caje su in nasu ya lalace kamar yadda ƙasashe da dama ke yi, don bai dace mai ƙwan fitila biyu a ƙarshen layi ya zauna da raunanniyar wuta saboda injinan wani ba.