Ido Ba Mudu Ba Ne

Ƙannena masu koyon gini, walda da kanikanci a cikin garin Sakkwato, ku daina cewa lissafi na 'yan boko ne. Da shi iyayen gidanku suke cin abinci.

Ku lura da tsohon magini in zai fitar da kusurwar ɗaki. Sai ya ja igiya, ya auna ƙafa 3 ta nan, ƙafa 4 ta can, sannan ya gwada tsakanin bakunan biyu. In bai samu 5 cif ba, ko bulo ɗaya ba za a aza ba. Dalili kuwa: 3 sau 3 tara, 4 sau 4 sha shida, an haɗa 25, wato 5 sau 5. Ƙa'idar Pythagoras ke nan da kuke tsere wa a aji. Wanda ya san dalilin, in fili ya yi faɗi sai ya koma 6, 8, 10. Wanda hadda kawai ya yi, sai sosa ƙeya. In kuwa kusurwa ta karkace tun daga tushe, mai tayil ne zai wuni yana yanke-yanke, mai gida kuma ya biya.

A gareji abin ya fi tsanani. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, rabinsa 12.7. Yaro ya ɗauko sifana mai milimita 13 don kwance noti mai rabin inci, ya ce ai duk ɗaya ne, ya yi ta murɗa har kan noti ya cinye. Ratar da ke tsakanin fistin da silinda ba ta kai kaurin silin gashi ba, to wane ido zai kimanta ta?

Manya ma sun sha kunya. A 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, saboda wani ɓangare ya yi lissafin ƙarfi da ma'aunin fam, ɗayan kuma ya ɗauka da wani ma'auni daban mai suna newton aka yi.

Abin da ya fi ba ni haushi, a garin malamai kuke faɗin haka. Malamin da ke raba gado, yana fitar da sumuni da sudusi, me yake yi? Littafin lissafin aljabra na masani Alkhawarizmi ma, wanda ya rubuta a Bagadaza, wani babban sashensa kan wasiyya da gado yake.

Mai burin karanta injiniyanci a Kwalejin Umaru Ali Shinkafi ya sani, sai da kiredit a lissafi. Mai zama a shago kuma ya sayi tef mai inci da milimita, ya zauna da maigidansa ya koyi karanta ƙananan layukan nan ɗaya bayan ɗaya, ko da abokai za su yi masa dariya.