Hular kwano ba ta kare ƙwaƙwalwa

Cewar wani marubuci wai hular kwano mai kyau ta isa kare yaro a ƙwallon Amurka, sam ban yarda ba. Ƙoƙon kai take karewa, amma in yara suka yi karo ƙwaƙwalwa girgiza take a ciki, ga wuyan ɗan shekara takwas bai yi ƙwari ba. Binciken hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC) na 2021 ya nuna yara masu wasan kayarwa, inda ake kayar da mai riƙe da ƙwallo, na shan bugu a ka ninki 15 na masu wasan ƙyalle, inda ake zare masa ƙyalle daga ƙugu maimakon kayar da shi. Malam da ka ce wasan na koya jarumta, me zai hana yaro ya tsaya a na ƙyallen har ya tasa? Iyaye kuma, kun tambayi kocin wa ke fitar da yaro daga fili in ya fara jiri?