Baba, Ga Wannan Ka Sha Ruwa

A Mandawari aka yanke mini cibiya, a Kantin Kwari nake neman abinci, kuma har na haura shekara talatin tafiyata ta kudu ba ta taɓa wuce Na'ibawa ba. A wajena, duk inda mai adaidaita sahu ya girgiza kai ya ce ba ya zuwa, to nan ƙauye ya fara. Mu 'yan Kwari kuwa bakinmu ba linzami. Wanda ya taya kaya da arha ya tafi, mu ce baƙauye ne. Wanda ya biya bai taya ba, shi ma baƙauye ne.

Sai ga yaron shagon da ke jikin namu, abokina na cin abincin rana, ya kawo katin ɗaurin aurensa. A garinsu za a yi, wani ɗan gari can gaba da Kura. Watan Fabrairun 2023 ne, bayan an sauya fasalin naira 200 da 500 da 1000, takardar kuɗi ta zama kamar ƙwan zabuwa a daji. Kwana biyu na yi ina bin layin banki, abin da ya rage mini a aljihu ranar tafiya sabuwar ɗari biyu ce guda ɗaya tak. Ban damu ba. Ga kati, ga waya, ga taransifa.

Shiri na yi na wanda za a je a kalla. Farar shadda, hula zanna bukar, takalmi sau-ciki, baƙin tabarau. Na cusa ruwan gora uku da biredi a jaka, don a lissafina can ba ruwan sha ba abinci. Hajiyarmu ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ka dai rage rawar kai, ka gaida manya." Na ce to, irin to ɗin da ba ta wuce leɓe.

Motar 'yan ɗaurin aure ta bar ni ina jiran mai guga. Dole na nufi tashar Unguwa Uku, inda na yi wa direba taransifa, kuɗi suka fita daga wajena suka ƙi shiga wajensa. Muka tsaya muna kallon wayoyinmu kamar masu jiran ganin wata, fasinjoji suna ta tsaki, har alat ya ga dama ya shigo.

Muka haye gadar Tamburawa, muka wuce Karfi, muka ratsa Kura inda injinan casar shinkafa ke ta ruri. Da muka isa Kwanar Gafan na ga kwandunan tumatir jere iya ganina, ana ta loda su a manyan motoci za a yi Legas da su. Na yi shiru. Ni duk zatona daga kasuwar 'Yankaba tumatir yake fitowa.

A wata kwana aka sauke ni. Kafin in buɗe baki wani ɗan acaɓa ya taso ya ce, "Kai ne na Kwari da mota ta bari? Hau, ango ya biya." Rabona da hawa acaɓa tun 2013 da aka hana su a birni, saboda haka na rungume bawan Allah ta ƙugu kamar goyo. Na tambaye shi ko da nisa. Ya ce, "Nan ne, bayan waccan kukar." Kuka bakwai na ƙirga kafin na haƙura da ƙirga.

Abin da ya fara rikita ni kore ne. Tsakiyar rani, birni duk ƙura da hazo, amma nan hagu da dama shar, kamar an shimfiɗa darduma. Na daki kafaɗarsa na ce wane attajiri ne ya shuka ciyawa haka, ta fi ta filin wasan Sani Abacha da ke Ƙofar Mata kyau. Mutumin nan ya yi dariya har babur ya yi tangal-tangal. Ya ce, "Alhaji, alkama ce. Biredin da na ji yana tokarina a baya, kakarsa ce wannan." Daga nan ya shiga karantar da ni: ruwan daga dam ɗin Tiga yake, wanda aka gina zamanin Audu Bako aka gama a 1974, babban kanal ya kawo shi, ƙananan kanal su rarraba shi gona-gona. Alkama da tumatir da albasa da rani, shinkafa da damina. Na tuna yadda nake tsayawa ƙofar gida da asuba ina yi wa ɗan garuwa magiya, ga shi nan ruwa yana wucewa abinsa, shanu suna sha, ba mai ce musu jarka nawa. Gorunan da ke jakata suka fara yi mini nauyi.

Dab da gari akwai wata 'yar gadar katako a kan ƙaramin kanal. Ɗan acaɓa ya ce ba ta ɗaukar mutum biyu, in sauka in taka, ga hasumiyar masallaci can ana hangowa. Ya yi gaba. Na tattare shadda, na ɗaga kai sama yadda ya dace da baƙo daga birni, ƙafar hagu ta zame ta nutse cikin taɓo har ƙauri.

A gefe akwai wani tsoho da malfa da wata riga da rana ta cinye, riƙe da shebur yana buɗe wa gona ruwa. Na ƙwala masa kira, "Baba! Ɗan taimaka mana." Ya ajiye shebur ya taho ba gaggawa. Sannu da zuwa, ya hanya, ya mutanen birni, ya kasuwa, ya sanyi, ya iyali, ya aka ji da rashin kuɗin nan. Ni kuwa ina tsaye da ƙafa ɗaya kamar zalɓe, ina jefa masa "lafiya, lafiya" don ya gama. Ya karɓi takalmin ya durƙusa bakin kanal ya wanke shi tas, ya goge da gefen rigarsa, ya zuba mini ruwa a ƙafa da tafin hannu.

Tausayinsa ya kama ni, kuma nan ne shaiɗan ya samu ƙofa. Na ce masa ai shekarunsa sun wuce wannan wahala, in yana so ya shigo birni ya neme ni a Kwari, zan yi masa hanyar aikin gadi, zama kawai zai riƙa yi. Ya ce, "Allah?" Na ce, "Wallahi." Sannan na zaro ɗari biyun nan, dukiyata kaf, na miƙa masa da yatsa biyu. "Baba, ga wannan ka sha ruwa." Ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Kai, sabuwa ce kuwa. Allah ya yi albarka." Ya ɗaga malfa ya sa ta a ciki.

Garin kansa titi ɗaya ne. In ka yi atishawa a bakin gari, na ƙarshen gari ne zai yi maka addu'a. Masallacin Juma'a, firamare mai aji shida, kemis ɗaya, shagon caji mai sola, mai shayi, sai rumbuna a bayan gidaje da wani ƙaton durumi a tsakiya. Ba hon, ba janareto, ba mai zagin wani a kan hanya. Shirun ya yi yawa har kunnena ya riƙa ƙara shi kaɗai. Tafiyar da a birni ba ta fi minti uku ba ta ci mini kusan rabin awa, don ba wanda za ka wuce ba ku gaisa ba, kuma gaisuwar sai an kai ta ƙarshe. Kowa ya san mota ta bar ni. Wata tsohuwa ta leƙo ta kan zana ta jajanta mini faɗawa taɓo, abin da bai fi minti goma da faruwa ba, ta kuma tambaye ni ko gaskiya ne da ruwana na taho. Da na nemi sabis, yara suka raka ni wani suri a bayan firamare. Na tarar da mutum uku a kan layi.

Bayan azahar aka taru ƙarƙashin durumin nan, ƙofar gidan dagaci. Aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo goro da alawa. Can sai na ga mutane suna tuɓe takalma suna zubewa. Wani dattijo ya fito daga zaure da babbar riga da rawani, ana ta "Allah ya ja zamaninka." Na dubi fuskar. Na sake duba. Cikina ya ba da wani sauti. Na mayar da tabarau, na koma bayan wani mai ƙiba na ƙanƙance.

Ango ya raɗa mini cewa dagacin ke nan, kuma shi ne waliyyin amarya, baffanta ne. Wai alkamar da na gani tun daga kuka ta huɗu tasa ce, kuma ba ya yarda kowa ya yi masa ban-ruwa sai shi da kansa. Ban ji an faɗi sadaki ba, ban ji an shafa fatiha ba. Lissafin hanyar gudu nake yi, ga shi garin titi ɗaya ne.

Aka ce baƙin Kano su matso su yi gaisuwa. Na rarrafa na zube, na sunkuyar da kai, na ce "Ranka ya daɗe" da wata siririyar murya da ni kaina ban san ina da ita ba.

"A'a! Mai ba ni aikin gadi! Samari, takalmin ya bushe?"

Ya juya ga liman da sauran dattawa ya ba su labari tiryan-tiryan, bai rage ko harafi ba, har tsayuwar zalɓen sai da ya kwatanta. Ba faɗa, ba ɗaure fuska, dariya yake har rawani na rawa. Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Kafin in tashi maroƙi ya cafe: "Alhaji na Kwari! Mai ɗari biyu sabuwa fil! Mai ɗaukar sarakuna aiki!" Ya tsaya a kaina yana jiran abin da aka saba. Na raɗa masa cewa sai dai taransifa. Ya zaro wata takarda daga hula mai ɗauke da lambar asusu, ya nuna mini hanyar suri.

An ciyar da mu kamar za a yanka mu: fura da nono mai kauri, dambu, farfesun zabi. Biredina bai ga rana ba. Da za mu taso dagaci ya aiko mini, ni kaɗai, da kwandon tumatir da ƙullin albasa da wani jan zakara. Haka na riƙe zakaran nan a cinya tun daga can har Unguwa Uku, shi kuma ya yi wa farar shaddata abin da taɓo bai ƙarasa ba. Da na tsayar da adaidaita na ce Mandawari, yaron ya haska ni da fitila, ya dubi kwando, ya dubi zakara, ya dubi ƙafar wandona. Ya ce, "Malam, yau ka fara shigowa birni ko? Wajen da nisa fa." Ya ninka mini kuɗi.

Ranar Litinin tun daga bakin layinmu na ji ana "Ɗari Biyu ya iso!" Har masu dako.

Na ɗauka magana ta mutu, sai ana tsakiyar azumi, kasuwa ta cika da masu sayayyar Sallah, na ɗago kai na ga rawani a ƙofar shagonmu. Maigidana ya miƙe tsaye har yana tuntuɓe, ashe sun fi shekara ashirin suna ciniki. Dagaci ya zauna ya zaɓi atamfa da shadda na iyali da na jikoki da na ma'aikatan gona, dila guda. Jikansa ya latsa waya, alat ya shigo nan take, ba irin nawa ba. Maigida ya ce in ɗauka in kai musu mota.

Na saɓa dila a ka, na ratsa cunkoson Kwari da ita, ga azumi ga rana, har inda suka ajiye mota. Na sauke ina haki. Dagaci ya laluba aljihun babbar riga, ya zaro wata ɗari biyu mai ɗan tabon taɓo a gefe, ya miƙo mini da yatsa biyu.

"Samari, ga wannan ka sha ruwa."