Daren da tsirkiya ta tsinke

Shekara tara na yi ina kaɗa jita a ƙananan ƙungiyoyin kiɗan rok, irin waɗanda ba su da wani kamfani da ya ɗaure musu gindi. A cikin shekarun nan na shiga ƙungiya huɗu, uku sun watse, biyu daga cikinsu saboda gardama a kan sunan da za a sa wa ƙungiyar. A wannan harka mutum shi ne makaɗi, shi ne ɗan dako, shi ne mai liƙa takardun talla, kuma idan an tashi shi ne mai naɗe wayoyi.

Jitata kwaikwayon Stratocaster ce, wadda kamfanin Fender ya fara fitarwa a 1954, kodayake tawa sai an tsaya daga nesa take kama da ita. Irin wannan jita tana da wani ƙarfe a gindinta da ke riƙe tsirkiyoyi shida, ana kiransa gada, kuma akwai sifirin a bayan jitar da ke jan gadar baya yayin da tsirkiyoyi ke janta gaba. Idan aka saita gadar tana lilo tsakanin ja biyun nan, makaɗi zai iya danna wani ɗan hannu ya sa sauti ya yi rawa. Ni kuwa haka na saita tawa, don burgewa kawai. Mai kaɗa bes ɗinmu, wato jitar nan mai kaurin sauti, ya gargaɗe ni sau biyu, na ce masa wanda tsirkiyarsa huɗu ce kacal bai kamata ya koya wa mai shida aiki ba.

A daren da abin ya faru mu ne na farko cikin ƙungiyoyi uku, an ba mu minti 25. Na ƙirga mutum 14 a zauren, tara daga cikinsu makaɗan da ke jiran mu sauka ne. Tsirkiyoyin ajiya kuwa na bar su a gida, domin na cika jakar jita da faifan da muke sa ran sayarwa.

A waƙa ta uku, daidai gurbin da nake kaɗawa ni kaɗai, na rufe ido, na tura siririyar tsirkiya sama da yatsa, sai ta tsinke ta tsula mini bulala a bayan hannu. Na ce a raina ai biyar ma sun isa. Abin da na manta shi ne, da zarar ɗaya ta tsinke, sifirin ya fi ƙarfin sauran, sai ya ja gadar baya, duk biyar ɗin su ƙara ɗamewa, sautinsu ya hau sama. Yatsuna suna sauka inda suka saba, amma abin da ke fita daga lasifika bai da dangantaka da waƙarmu ko ta nesa.

Da kunnena ya ji ɓarna, sai na juya na galla wa mai bes harara, ina girgiza kai yadda kowa zai gane cewa laifinsa ne. Mawaƙinmu ya bi ni layi ɗaya, ya koma ya bi mai bes, daga bisani ya zaɓi wata hanya a tsakiya wadda ba ta dace da kowa ba. Mai ganga kaɗai ne ke cikin farin ciki, ido rufe, yana ta duka.

Da waƙar ta ƙare na duƙa in gyara, kuma a nan ne gadar ta nuna mini iyakata, domin duk tsirkiyar da na sassauta sai sauran su ƙara hawa, in koma kan waɗancan, ta farko ta sake gocewa. Mawaƙin ya gabatar da mu ɗaya bayan ɗaya, ya gode wa mai kula da sauti, ya sake gabatar da mu, har ya fara ba da tarihin yadda muka haɗu. Mai kula da sauti ya ɗaga hannu ya nuna agogo, muka sauka da waƙa uku cikin shida.

Ina cikin naɗe waya sai wani dattijo mai tabarau ya zo ya kama hannuna da hannu biyu. "Malam, na daɗe ban ga makaɗin da ya bijire wa ƙa'idar sauti da irin wannan ƙarfin hali ba," in ji shi. Na gyara tsayuwa na ce abin ya ɗauke ni shekaru, mai bes yana gefe yana tari. Dattijon ya sayi faifai ɗaya, wanda shi ne kaɗai cinikinmu na daren.

Washegari na yanko ɗan guntun katako na cusa a bayan gadar don ta daina motsi. Bayan mako biyu dattijon ya dawo wasanmu da faifan a hannu, yana ƙorafin cewa ya saurare shi daga farko har ƙarshe bai ji wannan salon ba, kuma yau ma ban yi shi ba. Mai bes ya zaro almakashin yanke waya daga jakarsa ya miƙo mini.