Ido ba wurin gwajin magani ba ne

'Yan'uwana matasa, don Allah mu daina wasa da idanunmu. Da zarar ido ya yi ja, sai mutum ya garzaya kemis ya ce a ba shi na ɗigawa. Mai shago ya miƙo 'yar kwalba, a ɗiga, kwana biyu ja ya washe, shi ke nan an samu "mai kyau", har a riƙa yi wa abokai kwatancensa. Da yawa daga cikin kwalaben nan akwai dexamethasone ko betamethasone a ciki. Suna kwantar da ƙaiƙayi nan take, amma idan aka shafe makonni ana ɗigawa ba tare da sanin likita ba, suna iya ɗaga matsin cikin ido su jawo gilakoma, wato hawan jinin ido, ko su kawo yanar ido.

Gilakoma ce ta fi ba ni tsoro. Yawanci ba ta ciwo. Daga gefe take fara cin gani, mutum yana ganin gabansa tangaram, sai ya fara karo da bakin ƙofa ko ya kasa hango babur da ya ɓullo ta gefensa. Binciken makanta da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yanar ido ce kan gaba wajen makantar da mutane, gilakoma na bi mata. Ita yana ana cire ta da aiki, gani ya dawo. Abin da gilakoma ta cinye kuwa ya tafi har abada. In akwai mai ita a danginku, je a auna maka matsin ido ko lafiyarka ƙalau. Ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga Asibitin Ido na ECWA a Kano.

Afolo kuma yawanci da kansa yake warkewa. Fitsari, ruwan batir da ruwan albasa ba su da hurumi a ido, hakiya suke bar wa mutum.

Sai maganar tabarau. Ƙanenka da ke runtse ido yana leƙen littafin na kusa da shi saboda ba ya ganin allo, ba daƙiƙi ba ne. Kai shi a gwada shi. Tabarau da aka auna ba ya kashe ido, kuma ba abin kunya ba ne. Amma kada ka sayo masa na kan faranti a bakin titi, domin lambar kowane ido daban take, sai an auna ake sani.